Gamba, Kyasuwa da Ƙarangiya: Tarihin Ciyayin da Fagge Ta Manta

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, don waɗanda data ba ta bari suka saurara ba.

Yau maganar ciyawa za mu yi. Na san wani zai ce duk matsalolin garin nan sai ciyawa? To ku yi haƙuri ku biyo ni, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Masana da dama suna danganta sunan Fagge da kalmar fage, wato buɗaɗɗen fili. Kafin zuwan Turawa a 1903, nan bayan ganuwa ne, zangon da ayarin Azbinawa ke sauka da gishiri da kanwa. Raƙumi da jaki ba sa yada zango inda babu abin ci, don haka ciyawa da ruwan Jakara suna cikin abin da ya kafa unguwar nan. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka yanka Sabon Gari wajajen 1913, daga nan gini ya fara cin fili. Yau wani sashe na Jakara ma a ƙarƙashin kankare yake, ragowar fadamar sai ka gangara irin su Kwakwaci.

To waɗanne ciyayi ne na ƙasar nan, kuma yaya ake gane su?

Gamba ita ce babbarsu. Tana tashi dunƙule daga tushe ɗaya, takan wuce tsayin mutum har ta kai mita 3, ganyenta da gashi-gashi da farin layi a tsakiya. Ba ta mutuwa da rani, ruwa na sauka take tohowa. Da ita ake saƙa zana. Kyasuwa kuwa shekara ɗaya take yi, kanta ja-ja ne mai laushi kamar auduga, masu kiwon raguna sun san darajarta. Ƙarangiya ba sai an gabatar da ita ba, in ta maƙale maka a wando za ka gane ta, amma ƙwayar da ke cikin ƙayar abinci ce, mutanen Sahel sun sha dogara da ita a shekarun yunwa. A fadama akwai tofa mai kaifin ganye da farin kai, akwai jema mai ƙamshin saiwa. Ta ɓangaren furanni, tafasa da rai-ɗore ruwan ɗorawa suke yi, gasaya fari, duman kada shanshanbale, bado kuma yana shimfiɗe a kan kududdufi.

Wani likita ɗan Birtaniya, J. M. Dalziel, ya tattara irin waɗannan sunaye a littafinsa A Hausa Botanical Vocabulary a 1916, daga bakin manoma da makiyaya da masu magani. Wato shekara ɗari da suka wuce, wannan ilimi a bakin kowa yake. Yau tara matasa goma a bakin Kantin Kwari ka nuna musu gamba da kyasuwa, ka ga nawa za su bambance.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne gamba ta yi suna a duniya, kuma da sunanta na Hausa ake kiranta a Turance. Irin da aka ɗauka daga Shika, kusa da Zariya, shi aka inganta aka raba wa makiyayan Kolombiya da Brazil a 1980, saboda tana jure fari da ƙasa marar taki. A Ostireliya kuwa, inda aka kai ta a shekarun 1930 don kiwon shanu, ta bazu ta fi ƙarfinsu, tana rura gobarar daji, har a 2012 suka saka ta cikin jerin miyagun ciyayi na ƙasa. Kun ga darasin? Ciyawa a gidanta take da amfani. Can ana kashe kuɗi a kawar da ita, nan inda take riƙe mana ƙasa mun bari tana ɓacewa.

Me ya shafi ɗan birni? Saiwar gamba da jema tana ɗaure ƙasa, tana buɗe wa ruwan sama hanya ya nutse. In ka shafe ko'ina da siminti, ruwa sai ya nemi hanyarsa, kuma mun ga yadda ambaliya ta shiga Kantin Kwari a 2022. Ban ce rashin ciyawa kaɗai ya jawo ba, akwai toshewar magudanai da gini a hanyar ruwa, amma duk tushen abin ɗaya ne: ba mu bar wa ruwa ƙasar da zai sha ba.

Ina goyon bayan dashen itatuwa ɗari bisa ɗari. Tun 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin nan na Babbar Koriyar Ganuwa, Kano kuma tana cikin jihohi 11 da yake shafa a Najeriya. Sai dai mu matasa in mun fita gangami, darbejiya muke dasawa, wadda asalinta daga Indiya ne, mu ɗauki hoto, mu bar ƙarƙashinta tsirara. Ku duba Maraɗi: tun 1983 manoma suka koma rainon kututturen itatuwan gida da ke tohowa a gonakinsu, aka farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a Nijar. Da abin da ƙasa ta sani suka yi aiki.

Ga abin da nake ba da shawara. Na ɗaya, ku zauna da tsofaffi da masu sayar da ciyawar dabbobi, ku ɗauki hoton kowace ciyawa da sunanta. Na biyu, da kaka, wajajen Oktoba zuwa Nuwamba, a tara iri daga ƙauyukan da ke kewaye. Na uku, farkon damina a nemi izinin makarantun unguwa a dasa tushen gamba a jikin katanga, jema a inda ruwa ke zaizaya, a rubuta sunan kowacce a allo. Da rani a yanke a ba masu kiwo, don gudun wuta da macizai.

Wace ciyawa ce ake kira da wani suna daban a garinku? Ku ajiye mana a ƙasa, za mu karanto a shiri na gaba. Allah Ya ba mu damina mai albarka. Sai mun sake haɗuwa.