Jiƙaƙƙen gilashi, farin ƙwai da ranar Damagaram

A watan Janairun 1851 wani Baturen Ingila mai suna James Richardson ya sauka a Damagaram. Ya zauna makonni, ya rubuta abin da ya gani a kasuwa da fada, sannan ya kama hanyar Barno, ajali ya tare shi a watan Maris kafin ya kai Kukawa. A cikin wannan watan ne wani mutumin ƙasarsu, Frederick Scott Archer, ya bayyana wa duniya dabarar ɗaukar hoto a kan jiƙaƙƙen gilashi. Abokin tafiyar Richardson, Bajamushen nan Barth da aka sani da Abdulkarim, ya shigo Damagaram a ƙarshen Disambar 1852, shi ma da fensir da takarda kawai. Hotunan garuruwan Hausa da ke cikin littattafansa zane ne ya yi, wani mai zane a Jamus ya gyara su kafin a buga.

Wanda ya san yadda aikin jiƙaƙƙen gilashi yake ba zai ga laifinsu ba. Ana tsuma auduga a asid, a narkar da ita cikin ruwan eta da barasa har ta zama ruwa mai yauƙi da ake kira kolodiyon. Mai hoto ya riƙe gilashi a yatsu uku, ya zuba ruwan a tsakiya, ya karkata shi kusurwa zuwa kusurwa har ya rufe ko'ina, ya tsiyaye ragowar cikin kwalba. Daga nan sai tantin duhu, inda gilashin zai yi minti uku ko huɗu cikin ruwan azurfa. A sa shi a kyamara yana ɗiga, a buɗe ido na ƴan daƙiƙu, a koma tanti da gudu a wanke. Duk wannan dole ya kammala cikin minti goma zuwa goma sha biyar, domin gilashin da ya bushe ya mutu, ba ya ganin komai.

To, eta yana tafasa a zafin digiri 35, alhali a bazarar Magarya da Dungas na ƙasar Damagaram ana wuce 40 ba tare da kowa ya yi mamaki ba. Francis Frith, wanda ya kai wannan aiki Masar daga 1856, ya ba da labarin yadda kolodiyon ke tafasa yana cikin zuba shi a gilashi, shi kuwa yana da kogin Nilu da jirgin ruwa a gefensa. A nan kuwa sai an ɗora kwalabe da akwatunan gilashi a bayan raƙumi daga Tarabulus, a ratsa Sahara watanni, sannan a zo a yi fama da hunturu, wanda ke busar da gilashi kafin a kai shi kyamara, ƙurarsa kuma ta zauna a kai ta bar tabo a fuskar mutum. Shi ya sa shekaru 30 na mulkin jiƙaƙƙen gilashi suka zo suka wuce a zamanin Sarki Tanimu, ana ƙera igwa a Damagaram ana gina ganuwa, ba mai hoto a wurin.

Gilashin kansa rabin aiki ne, tunda abin da ke kansa a juye yake, baƙi ya koma fari. Takardar da ake buga shi a kai wani Bafaranshe ne, Blanquart-Evrard na birnin Lille, ya fito da ita a 1850, kuma asalinta daga akurki ne. A fasa ƙwai a ware gwaiduwa, a zuba gishiri a farin, a kaɗa shi har ya zama kumfa, a bar shi ya kwana ya koma ruwa, a tace da ƙyalle. Takarda marar kauri ake ɗorawa a saman ruwan a hankali, fuska ɗaya kawai, a rataye ta bushe. Ranar aiki a shafa mata ruwan azurfa, a matse ta da gilashin cikin firam, a kai rana. Mai hoto yana buɗe bayan firam ɗin lokaci-lokaci yana leƙawa, kamar mai waina tana ɗaga gefe ta ga ko ta yi. In ya nuna sai a ba shi ruwan zinariya ya yi launin ƙasa-ƙasa mai duhu, a wanke shi sosai. An ce wani kamfani guda a Dresden ta Jamus yana fasa ƙwai 60,000 a rana don wannan takarda.

A bakin teku ƴan Afirka sun kama sana'ar da wuri. Francis Joaque na Firitawun yana buga hotuna a takardar ƙwai tun shekarun 1870, dangin Lutterodt suka buɗe shago a Ankara, daga baya Jonathan Adagogo Green ya yi suna a Bonny. Su jirgin ruwa ke kawo musu kaya har bakin ƙofa.

Damagaram kuwa sai da busasshen gilashi ya fito. Richard Maddox ya gano shi a 1871, aka shiga yin sa a masana'anta, ana sayarwa a kwali, yana jiran watanni kafin a ɗauka da kuma bayan an ɗauka. Ba tanti, ba gudu. Abin takaici, wanda ya iya ɗauko shi zuwa nan soja ne. Faransawa sun ci Damagaram a ƙarshen Yulin 1899, ayarin Foureau da Lamy ya iso daga Aljeriya a watan Nuwamba, littafin da Foureau ya buga a 1902 kuma cike yake da hotunan tafiyar. Daga 1906 ayarin Kyaftin Tilho da takwarorinsa Ingilishi suka bi daji suna kafa alamun iyaka, layin da ya bar Magarya da Dungas a hannun Faransa, Babura da Maigatari a hannun Ingila. Da Damagaram ta zama babban birnin mulkin Nijar daga 1911 zuwa 1926, hotunanta suka koma katin gidan waya da ma'aikata ke aikawa gida: ganuwa, dawakin sarki, mata a bakin rijiya, mafi yawansu ba suna.

Talaka ya shiga hoto ne da ƙafarsa lokacin da hukuma ta ce sai da katin shaida. Mai hoton da ya biya wannan bukata a kasuwanni da ƙofofin ofisoshi na Afirka ta Yamma shi ne magajin Archer na gaskiya, ko da bai taɓa jin sunansa ba. Akwatin katako ne a kan ƙafa uku, da hannun riga baƙi a gefe, ciki da ƴan kwanoni biyu na magani. Ya ɗauki mutum a takarda, ya zura hannu ya wanke ta a cikin akwatin, ya fito da ita a jiƙe, ya kafa ta a gaban kyamara ya sake ɗaukarta don baƙi da fari su koma daidai. Ɗakin duhu na tafe da shi duk inda ya je. Hoton kala da injinan wanki suka rage masa ciniki, wayar hannu ta ƙarasa shi.

Yanzu a Amurka an koma baya da gangan. John Coffer ya farfaɗo da jiƙaƙƙen gilashi a gonarsa ta jihar New York, Mark Osterman ya koyar da shi shekaru a gidan tarihin Eastman da ke Rochester, Sally Mann ta kai shi manyan gidajen nuni. Saurayin Dungas da ya so gwadawa yana da kaya fiye da yadda zai zata: ƙwan zabi na damina, gishirin kasuwa, gilashin taga, da ranar da mai hoton Ingila bai taɓa samun irinta ba. Ruwan rijiya mai kanwa-kanwa zai ɓata masa azurfa, sai dai ya tari na sama. Lokacinsa sanyin safiyar Agusta ne, sa'ad da iska ke da laima kuma ƙura ta kwanta. Ya kuma shirya ganin abin mamaki, don kolodiyon ba ya ganin ja da rawaya: lallen amarya zai fito baƙi ƙirin, shuɗin riga ya yi haske. Azurfa da eta da sauran magungunan aikin ne sai ya aika birni a nemo masa, kuma azurfar tana baƙanta yatsu kusan mako biyu, sabulu ba ya fitar da ita.