Tarihin jinginar gida a Jos: daga gaban mai unguwa zuwa teburin banki

Kuza ce ta kawo kakanninmu Jos. Tun kafin jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, mutanen Kano, Bauci da Katsina suke hawowa, wasu haƙa, wasu fatauci. Abu na farko da mutum ke yi in ya samu rufin asiri shi ne ya kafa gida.

A wancan zamani, in buƙata ta taso, ana jingina ne a gaban mai unguwa da shaidu. Ka karɓi kuɗi, ka ba da gida ko gona a riƙe, ran da ka samu ka fanshi abinka. Ko bayan ranka, magada na iya fansa. Jingina ba sayarwa ba ce, kowa ya san haka.

Zuwan banki ya sauya lissafin. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa filayen jiha a hannun gwamna, don haka banki na neman takardar shaidar mallaka, kuma jinginar ba ta tabbata sai da amincewar gwamna. Ga kuɗin ruwa, ga wa'adi. In wa'adi ya wuce, babu zancen “a yi haƙuri zuwa kaka”, gwanjo ne.

Mun ga inda hatsarin yake. Rikicin da ya ɓarke ranar 7 ga Satumba 2001 ya raba unguwanni, Musulmi da Kirista kowa ya koma inda ya fi jin kwanciyar hankali. A Anguwan Rukuba da makamantanta, wasu sun yi musayar gidaje, wasu sun sayar a farashin da bai kai ya kawo ba. A watan Fabrairun 2002 kuma babbar kasuwar Taminus ta ƙone. To, ɗan kasuwar da ya jinginar da gida ya sari kaya fa? Kaya sun zama toka, darajar gida ta faɗi, bashi kuwa yana nan daram, har ma yana haihuwa. Irin haka ta faru a Amurka a 2008, da farashin gidaje ya karye, miliyoyin iyalai suka rasa muhalli.

Ba muna cewa kada a ci bashi ba ne. Tun 2012 akwai bankin Jaiz da ba ya karɓar ruwa, amma shi ma yana neman jingina. Abin da tarihin garin nan ya koya mana shi ne, darajar gida tana tafiya ne da zaman lafiyar unguwa, bashi kuwa babu ruwansa da wannan.

Saboda haka, 'yan uwa, kafin a miƙa takarda, a sa lauya ya karanta sharuɗɗan. In gidan gado ne, a tara magada duka a ji ta bakinsu. Sannan mai gida ya tambayi kansa: in kasuwa ta juya baya, ina iyali za su kwana?