Wuraren Tarihi na Birnin Akra da Rabon Zanguna a Cikinsu



A birnin Akra, wanda iyayenmu suke kira Ankara, gine-ginen tarihi da aka fi sani cikin waɗanda hukuma ta killace su ne sansanoni uku da Turawa suka gina a bakin teku: Ussher Fort na mutanen Holan a 1649, James Fort na Ingilishi a 1673, sai Christiansborg da ke Osu na mutanen Denmak. A 1979 hukumar UNESCO ta sanya su, tare da sauran sansanonin gaɓar Ghana, cikin kayan tarihi na duniya. An yi cinikin zinariya da na bayi a cikinsu. Daga baya biyun farko suka zama kurkuku, na Osu kuma fadar gwamnati.

Kada ɗalibi ya ɗauka wannan tarihin wasu ne. Yawancin bayin da aka tsare a irin waɗannan ɗakuna daga cikin ƙasa aka koro su, har da arewa. Kasuwar Salaga da ke kusa da Ussher Fort ma sunan garin Salaga ta ci, inda fatakenmu suke sayen goro, inda kuma aka yi babbar kasuwar bayi. Gaskiya ce mai ɗaci, amma a faɗe ta.

To, ina namu wuraren? Tsofaffin masallatan da hukuma ke kula da su, irin na Larabanga, a arewa suke. Na Akra kuwa, a bakin dattawa tarihinsu yake. Zongo Lane shi ne zangon Malam Na'inno tun ƙarni na 19, lokacin da aka dawo da hedikwatar mulki daga Cape Coast a 1877 gari ya fara cika. Ɗansa Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. Nima ta samo asali daga Malam Amadu Futa, Bafillace mai fataucin shanu, a shekarun 1930, sannan Maamobi ta bunƙasa a gefenta.

Abin da ba a rubuta ba, rushe shi ba wuya. Tsohon babban masallaci na kusa da kasuwar Makola ya tafi a zamanin mulkin soja, Juma'a ta koma Abossey Okai. Fadama, suna ne na Hausa tsantsa, wato ƙasa mai dausayi, kuma haka wurin yake a bakin kogin Odaw da tafkin Korle. Saboda ambaliya aka tashi mazaunanta na farko zuwa Sabuwar Fadama, inda gidan Babban Limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, yake a yau. Tsohuwar Fadama ta sake cika da baƙi daga arewa, kuma bayan ambaliyar 3 ga Yuni 2015 an rushe wani yanki nata. Matashi nawa ne a can zai nuna maka inda masallacin farko ya tsaya?

Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a Yuli 2021 da taimakon Turkawa, abin godiya ne. Sai dai sabo ne, kuma tsarinsa na Usmaniyawa ne, ba ginin kakanninmu ba. A ganina kowane kwamitin masallaci a zango ya zaunar da dattawansa tun suna raye, a rubuta wanda ya ba da fili, da shekarar gini, da jerin limamai, a ajiye kwafi ɗaya a masallaci, ɗaya a fadar sarkin zango.