Raba-daidai a wajen aiki: Abin da doka ta tanada da yadda ya shafi Kudancin Kano

Raba-daidai tsari ne da ya wajabta a rarraba muƙamai da guraben aikin gwamnati yadda kowane ɓangare na al'umma zai samu wakilci. A Najeriya ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne asalin mutum, wato jiharsa da ƙaramar hukumarsa, sai daga baya doka ta fara duba jinsi da nakasa.

Tushensa a doka

Tsarin ya shiga Kundin Tsarin Mulki na 1979, aka kuma maimaita shi a na 1999. Sashe na 14(3) ya hana 'yan wasu jihohi ƙalilan ko wata ƙabila mamaye Gwamnatin Tarayya da hukumominta. Sashe na 14(4) ya ɗora irin wannan nauyi a kan jihohi da ƙananan hukumomi, cewa su lura da bambancin jama'ar da ke ƙarƙashinsu. Sashe na 42 kuwa ya haramta nuna wa ɗan ƙasa wariya saboda ƙabila ko mahaifa ko jinsi ko addini ko ra'ayin siyasa.

Hukumar Raba-daidai ta Tarayya, wadda aka kafa da Dokar Soja mai lamba 34 ta 1996, ita ke sa ido. Ƙa'idarta ita ce kada 'yan wata jiha su gaza kashi 2.5 ko su haura kashi 3 cikin 100 na ma'aikatan wata hukuma ta tarayya.

Halin da ake ciki a Kudancin Kano

Jihar Kano na da ƙananan hukumomi 44, adadi mafi yawa a ƙasar nan, 16 daga ciki suna mazaɓar Kano ta Kudu. Kiru da Bebeji suna da kujera ɗaya a Majalisar Wakilai, haka ma Doguwa da Tudun Wada. Kason da Kano ta samu a tarayya na jiha ne dungurungum, don haka tambayar da mutanen yankin kan yi ita ce nawa ke fita daga birni ya iso gare su. Irin wannan koke na cikin dalilan da masu neman a ƙirƙiro Jihar Tiga suka daɗe suna bayarwa, sunan da aka aro daga madatsar ruwan Tiga da ke Bebeji, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Baƙo.

Yankin kansa ba iri ɗaya ba ne. Akwai Hausawa da Fulani, akwai Maguzawa da Hausawa Kiristoci, akwai kuma Kurama a wajen Doguwa da ke iyaka da Kaduna. Waɗannan duka sashe na 14(4) ya shafa idan ƙaramar hukuma za ta ɗauki malaman firamare ko ma'aikatan lafiya.

Takardar shaidar asali

Mabuɗin tsarin shi ne takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda ake nema wajen shiga soja da ɗan sanda da aikin gwamnati. Tana kare kason ɗan ƙauye, amma tana rufe ƙofa ga wanda aka haifa a gari, yake kasuwanci yana biyan haraji a cikinsa, alhali kakanninsa daga wani wuri suka zo. Matar aure ma, bisa ƙa'idar hukumar, jiharta ta asali ake lissafa mata a matakin tarayya, ba ta mijinta ba.

Mata da masu buƙata ta musamman

Manufar Ƙasa kan Jinsi ta 2006 ta ware wa mata kashi 35 cikin 100 na muƙamai, kuma a Afrilun 2022 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta umarci gwamnati ta aiwatar da ita. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana wariya ga masu nakasa. Dokar ta tanadi aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati a gare su, ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda za su iya shiga, ta kuma sa tarar Naira miliyan ɗaya ga kamfanin da ya nuna wariya, da Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun ga mutum.

Muhawara

Masu suka suna cewa tsarin na fifita asali a kan cancanta. Masu goyon baya suna cewa ba a yin tsere na adalci tsakanin wanda ya samu makaranta mai kyau da wanda bai samu ba. Ba a Najeriya kaɗai ake wannan ja-in-ja ba: a Yunin 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta hana jami'o'i duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai. A nan gida dai tanadin na cikin Kundin Tsarin Mulki, kuma wanda ke ganin an tauye masa kaso a hukumar tarayya na iya kai ƙorafi ofishin Hukumar Raba-daidai na jiharsa.