Motar da ba ta hayaƙi: tarihin motar lantarki ta masu hali

Ranar 29 ga watan Afrilu na shekara ta 1899, a Achères kusa da birnin Paris, wani mutumin ƙasar Beljik mai suna Camille Jenatzy ya hau wata mota mai siffar harsashi, ya yi gudun da ya ɗara kilomita 105 a awa. Kafin wannan rana babu motar da ta taɓa ƙetare kilomita 100 a awa. Sunan motar La Jamais Contente, wato wadda ba ta taɓa gamsuwa ba, kuma babu ɗigon man fetur a cikinta, batir ne yake tura ta. Mutane da dama sun ɗauka motar lantarki sabuwar haihuwa ce ta wannan ƙarni, alhali kuwa sa'ar motar fetur ce, har ma a farkon tseren ita ce a gaba. Sai dai a kan kilomita 1 kacal aka auna gudun Jenatzy, kuma wannan gajeruwar tazara ita ce ta zame wa motar lantarki ƙarfen ƙafa shekaru fiye da ɗari.

Tushen abin a Faransa yake. A 1859 Gaston Planté ya ƙago batir na dalma da ruwan asid wanda ake iya sake cika shi da wuta bayan ya ƙare, sannan a 1881 Camille Faure ya inganta shi har ya isa a ƙera shi da yawa. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare, Jeantaud da Krieger suna ƙera motocin lantarki a Paris. A Landan an fara haya da su a 1897, amma nauyin batir ya riƙa cinye tayoyi, kuɗin gyara ya fi ƙarfin ciniki, aka janye su a 1899. A babban baje kolin Paris na 1900 wani matashi mai suna Ferdinand Porsche ya nuna motar kamfanin Lohner wadda aka dasa injinan lantarkinta cikin ƙafafun gaba. A Amurka kuwa, ƙididdigar 1900 ta nuna an ƙera motoci 4,192: masu tururi 1,681, masu lantarki 1,575, masu fetur 936 kawai.

Mai karatu zai fi gane dalilin farin jinin wannan mota in ya dubi wahalar kishiyarta. Motar fetur ta wancan zamani ba a tada ta da mabuɗi. Sai mutum ya tsaya gabanta ya juya wani ƙarfe da iyakar ƙarfinsa, in kuwa inji ya yi tutsu, ƙarfen ya dawo da baya, yana iya karya masa hannu. In ta tashi, ga ƙara, ga girgiza, ga wari, ga baƙin mai da ke ɓata tufafi, ga giya mai taurin kai. Mai kuɗi yakan ɗauki direba wanda ya iya kanikanci ya ɗora masa wannan jidali. Ita kuwa ta lantarki, a shiga, a tura sanda, ta zame shiru kamar kwale-kwale a ruwa.

Saboda haka ta sami gindin zama a gidajen manya. Sarauniya Alexandra ta Ingila ta mallaki ƙirar Columbia a 1901, tana zagaya gandun Sandringham da ita. Helen Taft, uwargidan shugaban Amurka, ta tuƙa ƙirar Baker bayan shigarsu fadar shugaban ƙasa a 1909. Wadda ta fi suna ita ce Detroit Electric, da aka fara ƙerawa a 1907, aka yi kimanin guda 13,000 kafin a daina a 1939. Cikinta ya fi kama da ɗakin baƙi: doguwa ce ta yadda mace za ta shiga ba ta tuɓe babbar hularta ba, ga labule, ga kujeru masu fuskantar juna domin hira, har da ɗan kaskon gilashi na sa furanni. Ba ta da sitiyari, da sanda ake karkata ta, kuma a wasu samfura mai tuƙi a kujerar baya take zama. Gudunta bai wuce kilomita 32 a awa ba, kamfanin kuma ya yi alkawarin kilomita 130 kafin batir ya nemi wuta. Abin dariya a nan, Henry Ford da kansa, a 1908, shekarar da ya fito da Model T mai fetur, Detroit Electric ya saya wa matarsa Clara.

To, yaya mai irin wannan mota yake kwana da tashi da ita? A nan ne alatun yake ɓoye wahalarsa. Batir yana shan wutar da ke gudu fuska ɗaya ne, alhali a unguwanni da yawa wutar da ke zuwa gida mai kai da komo ce. Dole mai gida ya girka na'urar da ke daidaita ta a ɗakin ajiyar mota, wanda galibi tsohon bargan dawaki ne. Ɗaya daga cikin irin waɗannan na'urori wata babbar kwalbar gilashi ce mai zaiba a ciki, tana ba da shuɗin haske muddin tana aiki. Da maraice a jona mota, ta kwana tana shan wuta. Batirin dalma kuma kamar dabba yake, yana son kiwo: a duba ruwansa, a ƙara masa tataccen ruwa, a auna ƙarfin asid ɗinsa, a goge bakunansa, kada a bari ya ƙare ƙarƙaf, kada kuma a cika shi ya wuce kima. Bayan ƴan shekaru sai a sake shi gaba ɗaya, da kuɗi masu nauyi. Thomas Edison ya fito da batir na nikel da ƙarfe mai tsawon rai, amma wanda ya so shi a Detroit Electric sai ya ƙara dala 600 a kan kuɗin mota.

Wanda ba ya son wannan ɗawainiya yakan yi yarjejeniya da gareji a kan kuɗin wata. Da dare yaron gareji ya zo ya tafi da mota, a wanke ta, a cika batir, a duba ruwa, da safe ta dawo ƙofar gida tana ƙyalli. Uwargida ba ta ga asid ba, ba ta shaƙi warinsa ba. Tsabtar da ake yabon motar da ita, hannun wasu ne ya ɗauki dauɗarta.

Ƴan talla sun yi wa motar illa ba su sani ba. Da suka dage cewa motar mata ce da likitocin cikin gari, sai maza masu son nuna jarumta suka guje ta. Amma abin da ya kayar da ita ya fi talla girma. A 1901 rijiyar Spindletop ta jihar Texas ta ɓarke da mai, fetur ya yi araha. Model T ta fito a kan dala 850, ta yi ta sauka har ta kai 260 a 1925, alhali Detroit Electric tana sama da dala 2,000. A 1912 kamfanin Cadillac ya sa wa motocinsa na'urar tada inji da Charles Kettering ya ƙera, ƙarfen juyawa ya fara zama tarihi. Ke nan ƙaramin injin lantarki ne ya ƙwace wa motar lantarki babbar hujjarta.

Sauran bayani yana ga waya. A 1920 kusan kashi ɗaya cikin uku na gidajen Amurka ne suke da wuta, a 1930 kuwa gona ɗaya cikin goma. Motar lantarki tamkar akuya ce a turke, iyakar kiwonta iyakar igiyarta. Fetur kuwa a tano ake zuba shi, a kai shi duk inda raƙumi ko jirgin ruwa zai iya zuwa. Ƙasar Nijar ta ga shaidar haka da idonta: ayarin Citroën da ake kira Croisière noire, motoci 8 ƙarƙashin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil, ya tashi daga Colomb-Béchar a watan Oktoba na 1924, ya keta Sahara, ya bi ta Yamai da Damagaram ya nufi tafkin Cadi, bayan an riga an jibge masa mai a zango-zango. Babu batirin da zai yi wannan tafiya a lokacin.

Daga nan motar lantarki ta koma gefe, ba a tuna ta sai mai ya yi wuya. Lokacin da Jamus ta mamaye Faransa, Peugeot ya fito da ƴar ƙaramar VLV a 1941, aka ƙera 377. Wannan motar ƙunci ce, ba ta alatu ba.

Batirin lityum, wanda Sony ya fara sayarwa a 1991 domin ƙananan na'urori, shi ya sake buɗe ƙofar, kuma ta ɓangaren masu hali aka sake shigowa. Tesla ya fara da Roadster a 2008, sannan Model S a 2012, wadda a lokacin babban batirinta yake kai ta kimanin kilomita 425. Porsche ya komo ga sana'ar kakansa da Taycan a 2019. Gudu ya samu, nisa ya ninku, babu ruwan batir da za a duba, kuma in an sassauta gudu injin yana mayar da wani abu na wuta cikin batir. Duk da haka, ranar mai motar ba ta yi nisa da ta Clara Ford ba. Da dare yake jona ta a gida, inda na'urar bango mai ƙarfin kilowat 7 take buƙatar wajen awa 12 ta cika babban batir daga ƙasa. A kan doguwar hanya yakan tsara tafiyarsa bisa tashoshin caji mai sauri, ya zauna kamar rabin awa ya sami kashi 80 cikin ɗari, domin daga nan shan wutar yana raguwa. Tsananin sanyi yana rage nisa, tsananin zafi yana tsufar da batir. Wanda yake da gareji da wuta tsayayya yana kwana lafiya, mazaunin bene mai ajiye mota a titi kuwa sai ya bi layi. Hannuwan da ke ɗaukar dauɗar ma suna nan, sun dai yi nisa da ƙofar gida: fiye da rabin kobalt ɗin duniya, wanda yake shiga da yawa daga cikin waɗannan batura, daga ramukan Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa.

A 1900 wani saurayi ɗan Ingila, Charles Rolls, ya gwada ƙirar Columbia. Ya yaba shirunta da tsabtarta, ya ce za ta yi amfani ranar da aka kafa tashoshin cika batir, amma bai ga alamar hakan nan kusa ba. Kamfanin da ke ɗauke da sunansa, Rolls-Royce, bai miƙa wa masu saye motarsa ta lantarki ta farko ba, wato Spectre mai nauyin kusan tan 3, sai a 2023. Shi Rolls ya rasu tun 1910 a haɗarin jirgin sama a Bournemouth, yana da shekara 32.