BeOS: Babbar Manhajar Da Aka Ɓoye Wa Masu Kwamfuta

Idan kana da tsohuwar laftof da ta gaji da ɗaukar Windows, kar ka yi saurin kai ta wajen 'yan gwangwan. Ka fara jin labarin BeOS tukuna.

A 1990 wani Bafaranshe, Jean-Louis Gassée, ya bar aiki a Apple ya kafa kamfanin Be a Amurka. Burinsa shi ne a gina babbar manhajar kwamfuta daga tushe, mai sauri wajen sauti da bidiyo, ba tare da jan tsofaffin kaya a baya ba. Ta yi kyau sosai, har a 1996 Apple ya zo taya. Ciniki ya watse a kan farashi, Apple ya juya ya sayi kamfanin NeXT a kan dala miliyan 400 da ɗoriya, wanda hakan ne ya dawo da Steve Jobs gida.

Sai Be ya koma kan kwamfutocin da ke zuwa da Windows, kuma a nan ne aka yi masa illa. Hitachi na Japan ya yarda ya saka BeOS a wasu kwamfutocinsa tare da Windows, amma in mai saye ya kunna, ba zai ga wani zaɓi ba, Windows ce kawai za ta tashi. BeOS na ciki a kwance, sai wanda ya san hanyar tono ta. To wa zai yi amfani da abin da bai gani ba? A ganina wannan ya fi komai kashe ta. A 2000 suka fara raba ta kyauta, a 2001 Palm ya saye kadarorinsu a dala miliyan 11 kacal. Sun kai ƙarar Microsoft a 2002, aka sasanta a 2003 kan dala miliyan 23 da 'yan kai, ba tare da Microsoft ya amsa laifi ba.

Masoyanta dai ba su haƙura ba. Tun 2001 'yan sa-kai suka fara sake rubuta ta, a 2004 suka raɗa mata suna Haiku, kuma har yau aikin na tafiya.

Ita ainihin BeOS ta 2000, kar ka wahalar da kanka: RAM da ya kai giga 1 ma rikita ta yake. Haiku za ka nema, ita RAM na mega 512 ya ishe ta tashi. Sauke fayil ɗinta, ka rubuta shi a filashi da balenaEtcher. Zai goge duk abin da ke filashin fa, don haka kwashe hotunanka tukun.

Zaɓin nan da aka hana masu Hitachi, yanzu maɓalli ɗaya ne. Soka filashin, kunna laftof, ka riƙa danna F12 in Dell ce, ko F9 in HP ce, ka zaɓi filashin. Haiku za ta tashi daga kansa ba tare da ta taɓa Windows ɗinka ba. In allo ya tsaya baƙi, sake kunnawa ka riƙe Shift, ka zaɓi yanayin hoto na kariya.

Kafin ka girka ta dindindin, gwada Wi-Fi da sauti, don ba kowace laftof suke yi a kai ba.