Masaukin Savoy na Musuri da Korar Nehru

Musuri gari ne a gindin duwatsun Himalaya, a arewacin Indiya, bisa tudu mai tsawon ƙafa wajen 6,500. Can Turawan mulki su kan hau da bazara don gudun zafin kwari. Jirgin ƙasa ya iso Dehra Dun, garin da ke ƙarƙashin tudun, cikin 1900, sa'an nan cikin 1902 wani lauya, Cecil Lincoln, ya buɗe masaukin Savoy. Lokacin nan mota ba ta hawa, sai da amalanken shanu aka kai kayan ɗakuna.

Masu ba da labarin gidan sun fi son zancen raye-raye da shagalin manyan baƙi. A ganina abin da ya auku cikin 1920 ya fi wannan nauyi. A shekaran nan wakilan Afganistan suka sauka a Savoy don shawarwari da Ingilishi bayan yaƙin 1919. Jawaharlal Nehru kuwa ya kawo mahaifiyarsa da matarsa jinya a masaukin. 'Yan sanda suka nemi ya yi alkawari ba zai sadu da wakilan ba. Shi ba ruwansa da su, amma ya ƙi, aka ba shi sa'a 24 ya bar gundumar.

Ya koma Allahabad, inda manoman Partabgar suka same shi da kukansu game da zaluncin masu gonaki. Ya bi su ƙauyukansu, ya ga talaucin da bai taɓa gani ba, daga nan kuwa ya sa kansa cikin sha'aninsu. Bayan shekara 27 shi ne Firayim Ministan Indiya na farko.